Wa Ya Faɗa, Ko Me Aka Faɗa?

 Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana wani ɗan abu ne da ya faru a ƙungiyarmu ta muhawara da kacici-kacici a zangon da ya wuce, wanda ni kaina ina da kaso a cikin laifinsa.

Ga yadda aka yi. Muna da wani littafi wanda sakatare ke rubuta sunan duk wanda ya tashi ya yi magana a taro. In zango ya ƙare sai a ƙidaya, wanda ya fi kowa yawan tashi shi ake bai wa kujerar gaba. Ran nan muna shirin karawa da wata makaranta, sai aka jefo tambaya, wane ne babban birnin Ostareliya? Wani siniya, wanda sunansa ya fito a littafin nan fiye da sau arba'in, ya ce Sidni. Can baya sai wani ɗan aji ɗaya, wanda ko sau ɗaya sunansa bai taɓa shiga littafin ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Yaya, ina jin fa Kanbera ne." Muka bushe da dariya. Ni ne ma na ce masa ya bari ya gama haddace sunayen ƙananan hukumomin jiharsu tukuna. Muka rubuta Sidni. Ranar gasa tambayar nan ta fito, muka ba da amsarmu da ƙarfin zuciya, muka faɗi. Kanbera ne.

Ga taswira a manne a bangon ajin da muke zaune, amma babu wanda ya tashi ya duba. Me ya hana mu? Ba mu auna maganar ba, masu maganar muka auna. Muka dubi aji shida da aji ɗaya, muka dubi arba'in da sifiri, shi ke nan muka yanke hukunci. Tun daga ranar na shiga neman sanin ko mu kaɗai ne masu wannan hali, sai na tarar ashe cuta ce ta 'yan Adam duka, har masana sun daɗe suna nazarinta.

Cikin 1968 wani masani mai suna Paul Wilson ya yi wani gwaji a can Ostareliyar da ta kunyata mu. Ya ɗauki mutum ɗaya ya kai shi ajujuwa biyar na jami'a. A aji na farko ya ce wannan baƙo ɗalibi ne daga Kambirij ta Ingila. A na gaba ya ƙara masa girma, a na gaba ya daɗa, har a aji na biyar ya ce farfesa ne. Bayan baƙon ya fita sai ya ce wa ɗalibai kowa ya kintaci tsawonsa. Duk sa'ad da muƙami ya ƙaru sai tsawo ya ƙaru, har "farfesa" ya ɗara "ɗalibi" da wajen inci biyu da rabi, alhali kuwa mutum ɗaya ne, da takalmi ɗaya. To, in muƙami yana iya ruɗin ido a kan abin da ake aunawa da tef ɗin tela, ina ga abin da ba ya aunuwa, kamar hankali da gaskiya?

Akwai wani labari na ban dariya daga Jamus. Ran 16 ga Oktoba 1906 wani baduku mai gyaran takalma, Wilhelm Voigt, tsohon fursuna, ya sanya kakin kyaftin ɗin soja wanda ya tsinto guntu-guntu a wajen 'yan gwanjo. Ya tare wasu sojoji kamar goma a kan titi, ya ce su biyo shi. Suka bi. Ya shiga jirgin ƙasa da su zuwa garin Köpenick kusa da Balin, ya sa aka tsare magajin gari da ma'aji, ya karɓi kuɗin baitulmali fiye da mak 4,000, har da rubuta rasit, ya yi tafiyarsa.  Kwana goma bayan haka aka kama shi, aka ɗaure shi shekara huɗu, amma Sarkin Jamus ya yi masa afuwa cikin 1908. Mutanen nan ba Voigt suka yi wa biyayya ba, rigar suka yi wa.

Wannan ya ƙare da dariya. Wanda zan ba ku yanzu kuwa bai ƙare da dariya ba, kuma shi ne ainihin darasinmu, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Ran Lahadi 27 ga Maris 1977 wasu manyan jiragen sama biyu, duka samfurin Boeing 747, suna kan hanyarsu ta zuwa Las Palmas a tsibiran Kanari, waɗanda ke ƙarƙashin Sifaniya, can yamma da gaɓar Maroko. Ɗaya na kamfanin KLM ne na ƙasar Holan, ya taso daga Amstadam. Ɗayan na Pan Am ne na Amurka, ya taso daga Los Anjeles ya biyo ta Niyok. Kafin su isa sai bom ya tashi a filin jirgin Las Palmas, aka rufe shi, aka juya da su da wasu jiragen zuwa wani ƙaramin fili mai suna Los Rodeos a tsibirin Tenerif. Filin nan titin tashi ɗaya gare shi, kuma ba shi da na'urar da ke nuna wa ma'aikatan hasumiya inda jirage suke a ƙasa. Ya cika maƙil, har jirage suka toshe hanyar gefe da akan bi a je bakin titi.

Kyaftin ɗin jirgin KLM shi ne Jacob Veldhuyzen van Zanten, ɗan shekara 50. Ba ƙaramin mutum ba ne. Ya yi awa wajen 11,700 yana tuƙi a sama, fiye da 1,500 daga ciki a kan irin wannan jirgi. Shi ne babban mai horar da matuƙan 747 na kamfanin. Hotonsa ne a tallar kamfanin cikin mujallar da ake ajiye wa fasinjoji a bayan kujera. Mataimakinsa kuwa, ko da yake shi ma ya daɗe yana tuƙi, awa 95 kacal ya yi a kan 747, kuma wannan kyaftin ɗin ne ya jarraba shi ya ba shi shaidar cancanta kamar wata biyu kafin ranar. Ku dubi zaman nan da kyau: ɗalibi ne a gefen malamin da ya sa masa hannu a takarda. Na ukunsu injiniya ne, yana zaune a bayansu.

Kyaftin yana cikin gaggawa. Dokar ƙasarsu ta ƙayyade awoyin da matuƙa za su yi suna aiki ba hutu, kuma in suka ƙetare akwai hukunci. In dare ya yi musu a nan, sai an nemi makwanci ga mutum fiye da ɗari biyu a ƙaramin tsibiri. Da aka buɗe Las Palmas sai hasumiya ta ce jirgin KLM ya bi ta kan titin tashi har ƙarshe, ya juyo ya tsaya. Aka ce na Pan Am ya biyo bayansa a kan titin, amma ya ratse ta mafita ta uku. Ana cikin haka gajimare ya sauko ya lulluɓe filin, gama wurin kan tudu ne. Hasumiya ba ta ganin jiragen, su ma ba sa ganin juna. Na Pan Am ya wuce mafitar da aka ce, yana ta laluben hanya a kan titi.

Mun san abin da aka faɗa a ɗakin tuƙi domin na'urar naɗar magana ta tsira. Da jirgin KLM ya juyo, sai kyaftin ya fara ba injuna wuta. Mataimaki ya ce a dakata, ba a ba su izni ba tukuna. Kyaftin ya sassauta, ya ce ya sani, a tambaya. Hasumiya ta karanto musu hanyar da za su bi bayan sun tashi. Wannan ba iznin tashi ba ne, bayanin hanya ne kawai. Amma mataimaki bai gama maimaita bayanin ba kyaftin ya saki birki ya ce mu tafi. A karo na biyu mataimaki bai tsayar da shi ba. Sai dai ya gaya wa hasumiya, da wasu kalmomi masu harshen damo, cewa suna wajen tashi. Ma'aikacin hasumiya ya ɗauka suna tsaye ne suna jira, ya ce to, su saurara zai kira su. A daidai wannan lokaci matuƙan Pan Am suka yi magana cewa suna kan titi har yanzu. Muryoyin biyu suka haɗu a rediyo suka zama ƙara, abin da ya isa kunnen 'yan KLM sosai shi ne "to" ɗin nan kaɗai.

Saura dama ɗaya. Jirgi ya fara gudu, sai injiniya ya ji matuƙan Pan Am suna ce wa hasumiya za su sanar in sun bar titi. Ya tambaya, shin jirgin Amurkan nan bai fita ba tukuna? Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya fita. Injiniya ya yi shiru. Ba a yi sakan ashirin ba fitilun Pan Am suka bayyana a cikin hazo. Kyaftin ya ja jirgi da ƙarfi har wutsiyarsa ta kankari ƙasa, amma ya makara, ga kuma nauyin man da ya sha kafin tashi. Mutum 248 da ke cikin KLM babu wanda ya fita. Cikin 396 na Pan Am, 61 suka tsira. Jimla rai 583. Har yau babu haɗarin jirgin sama da ya kai shi yawan rayuka. Kuma ana cikin ruɗanin labarin, shugabannin kamfanin suka nemi a kira van Zanten ya taimaka wajen bincike, don shi ne gwaninsu, ba su san yana cikin mamatan ba.

Kada in yi wa mamaci rashin adalci. Dalilan haɗarin da yawa ne: bom, hazo, cunkoso, rediyo, da kalmomin da ba su fita sarai ba. Masu binciken Holan sun fi ɗora nauyi a kan rashin fahimtar magana, na Sifaniya kuwa suka ce tushen abin shi ne kyaftin ya tashi ba izni, kuma suka ambaci girman da yake da shi a idon abokan aikinsa. Daga baya kamfanin ya karɓi laifi ya biya diyya. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai abu biyu ne.

Na farko, injiniyan nan ya fi kyaftin yawan awoyi a sama, gama ya haura 17,000. Kunnensa ya ji daidai, zuciyarsa ta yi shakka daidai. Duk da haka kalma ɗaya daga mai igiya huɗu a kafaɗa ta rufe masa baki. Watau in yawa da muƙami suka yi karo, muƙami ne ke kayarwa.

Na biyu shi ne abin da lambar nan 11,700 ta ɓoye. A 'yan shekarun ƙarshe kyaftin ya fi zama a ƙasa, cikin na'urar koyarwa mai kwaikwayon jirgi, har ya yi mako goma sha biyu bai yi jigilar fasinja ba kafin wannan tafiya. A cikin na'urar nan kuwa babu hasumiya ta gaskiya, malami shi ne ke bai wa kansa da ɗalibinsa iznin tashi. Wasu masu nazari suna ganin wannan sabo yana cikin abin da ya ja shi. Lambar gaskiya ce, ba wanda ya ƙara ko awa ɗaya. Amma ta gaya mana tsawon lokacin da ya yi ne, ba ta gaya mana halin da yake ciki da ƙarfe biyar na yammacin ranar ba.

Haka duk ƙidaya take. Littafin sakatarenmu yana ƙidaya sau nawa mutum ya tashi, ba ya ƙidaya sau nawa ya faɗi daidai. Wanda ya tashi ya ce "na goyi bayan mai magana" ya sami layi ɗaya, wanda ya kwana uku yana bincike ya kawo hujja shi ma layi ɗaya. Tun da aka gane kujerar gaba a littafin take, sai wasu suka riƙa tashi ko ba su da abin faɗi. Da can alama ce ta ƙwazo, yanzu ta zama abin farauta. Fankam-fankam dai ba shi ne kilishi ba. Mafi muni kuma, abin yana ciyar da kansa: mai kujerar gaba shi shugaba ke fara gani in an ɗaga hannu, sai lambarsa ta daɗa hawa, na baya kuwa da aka yi wa dariya sau ɗaya ba ya sake ɗagawa, sai a ce ai dama ba ya magana.

Kada wani ya ce wannan halin jahilai ne ko na yara. Cikin 1982 wasu masana biyu a Amurka, Douglas Peters da Stephen Ceci, suka ɗauki maƙaloli goma sha biyu waɗanda manyan mujallun ilmin halayyar ɗan Adam suka riga suka buga, duka na malaman shahararrun jami'o'i. Suka cire sunayen, suka sa na ƙarya da na makarantun da babu su, suka sake aika kowace maƙala ga mujallar da ta buga ta. Uku kaɗai aka gane. Cikin tara da suka rage, aka ƙi takwas, yawanci wai aikin yana da manyan kurakurai. Shehunan malamai ke nan.

To, sai mu watsar da girma da muƙami? A'a, ko kusa. Hausawa da suka ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ba su yi ƙarya ba. In aka tara tambayoyi ɗari, siniyan nan zai fi ɗan aji ɗaya cin da yawa, wannan ba na musu. In na kamu da ciwo likita zan nema, ba mai tallar magani a tasha ba. Ba kuwa za mu iya bincika kowace magana da kanmu ba, tilas mu dogara da wata alama. Jirgi kuma dole ya kasance da kyaftin ɗaya, in kowa zai ja nasa sai a faɗi tun ba a tashi ba. Muƙami yana gaya mana wanda ya fi yiwuwa ya yi daidai. Kuskurenmu shi ne mu ɗauka ya gaya mana wanda ya yi daidai yau, a kan wannan tambaya, alhali ga taswira a bango.

Abin da masu jiragen sama suka yi bayan Tenerif ya isa koyi, gama ba su cire wa kowa igiya ba. Da farko suka gyara harshe: kalmar da ke nufin tashi ba a furta ta a rediyo sai lokacin ba da izni ko soke shi, kuma matuƙi ya maimaita umurni dalla-dalla, "to" kaɗai ba ta isa ba. Sa'an nan cikin 1979 hukumar NASA ta Amurka ta tara masana a kan yadda matuƙa ke aiki tare, kuma cikin 1981 kamfanin United ya fara cikakken horo a kan haka, wanda yanzu ya game duniya. Ana koya wa ƙarami yadda zai yi magana: ya kira babba da girmamawa, ya faɗi abin da ya gani a fili ba da habaici ba, ya faɗi abin da yake ganin a yi, kuma in ba a ji ba ya maimaita. Ana koya wa babba cewa tambayar na ƙasa ba raini ba ce, aikinsa ne ya nema tun ba a kawo ba. Ku lura injiniyan Tenerif tambaya ya yi, ita kuwa tambaya ana iya kashe ta da "i". Da cewa ya yi a tsaya, jirgin can yana kan titi, da wuya a share shi haka.

An ga amfanin horon nan ran 19 ga Yuli 1989, sa'ad da injin wani jirgin United ya fashe a sama ya lalata duk hanyoyin sarrafa shi. Kyaftin Al Haynes bai ce shi ne mai igiya huɗu ba. Ya saurari mataimakinsa da injiniyansa, har ya karɓi taimakon wani matuƙi da ke zaune cikin fasinjoji. Suka lallaɓa jirgin da ƙarfin injuna biyu da suka rage har filin Sioux City. Cikin mutum 296, fiye da 180 suka rayu. Daga baya Haynes ya riƙa bayyana cewa in aka haɗa shekarun tuƙinsu a ɗakin nan sun kai 103, amma babu ko minti ɗaya a ciki da wani ya taɓa gwada irin wannan sauka, don haka ba shi da dalilin zaton ya fi sauran sani.

Iyayenmu, ku gafarce ni in na yi tsaurin ido. Kun koya mana kada yaro ya tsoma baki in manya na magana, kuma tarbiyya ce mai kyau, ba ma so mu rabu da ita. Amma yau yaron da ke zaune a bakin tabarma wataƙila shi ne ya iya karanta ranar lalacewa a jikin kwalbar magani, ko ya ga an juya lamba a takardar gona. In ya ce, "Baba, a gafarce ni, ina jin ba haka aka rubuta ba," roƙona a ce masa ya kawo a gani kafin a ce masa ya yi shiru. Mu kuma yara, ladabin da za mu faɗa da shi yana wuyanmu. Ɗan aji ɗayan nan da "Yaya" ya fara, bai kuwa ɗaga murya ba. Laifin duk namu ne.

A taronmu na farko na wannan zango na kawo shawara uku, aka karɓi biyu. An daina ba da kujera bisa ga littafin sakatare, yanzu kowa ya zauna inda ya samu. In an yi saɓani a kan amsa kuma, kowa zai rubuta tasa a 'yar takarda ba suna, a karanta duka, sa'an nan a aiki mutum laburare ya dubo. Ta ukun, watau 'yan aji ɗaya su riƙa fara magana kafin siniyoyi, ita ce aka kayar da ƙuri'a goma sha ɗaya da bakwai, kuma zan sake kawo ta a zango mai zuwa. Yaron nan kuwa bai dawo taro ba tun ranar da muka yi masa dariya. Na je ajinsu sau biyu na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, Yaya, amma har yanzu ran Laraba in muna taro a filin ƙwallo nake hango shi.